FILIN ILIMI: Idan Makin Jarrabawar Gwaji Ya Hau Ya Sauka

A wannan wata filin namu zai yi magana ne da iyaye da ɗalibai na zangunanmu waɗanda suka sa ran karatun likita. Kowa ya san ƙofar nan ƙarama ce. Makarantun likita irin na Korle Bu a Ankara, da na Kumashi, da na Tamale, suna duba sakamakon WASSCE, wadda ta maye gurbin SSSCE a nan Gana a shekarar 2006. Ana haɗa darussa shida, A1 tana zama maki 1, don haka jimlar 6 ita ce ƙololuwa. Bayan wannan kuma wasu jami'o'in sukan kira ɗalibi jarrabawar shiga da ganawa ido da ido.

Saboda wannan tsanani ne jarrabawar gwaji, wadda yara ke kira mok, ta zama abin tayar da hankali a gidaje. Yaro ya ci 74 a wannan mako, gida ya cika da murna, mako na gaba ya ci 61, sai uba ya ce wasa ya yi yawa, uwa ta ce baki ne ya kama shi, shi kuwa yaron ya fara tunanin canza fanni. To, jama'a, maki ɗaya ba ya nuna iyakar sanin yaro, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya yanke hukunci a kan sana'arsa da cinikin rana ɗaya.

Bari mu yi lissafi. A ce takarda tana da tambayoyi 50 na zaɓi, kowace da amsoshi huɗu. Ɗalibi ya san 30 sarai, sauran 20 kuwa canki-canka ya yi. Bisa ƙa'ida zai dace da kamar 5 daga cikinsu, amma wata rana 2 zai samu, wata rana 8. Ke nan makinsa zai yi yawo tsakanin 32 da 38, wato kashi 64 zuwa 76 cikin ɗari, alhali abin da ke cikin kansa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ga kuma sauran dalilai. Kowace takarda tana taɓa wani yanki ne na manhaja, malamai sun bambanta wajen tsananta tambaya, sannan wanda ya yi gwaji a gida yana leƙa littafi ba daidai yake da wanda ya zauna a aji ana duba masa agogo ba.

Su kansu masu shirya manyan jarrabawa sun yarda da haka. A Amurka akwai jarrabawar shiga makarantar likita mai suna MCAT, wadda tun 2015 makinta ke kamawa daga 472 zuwa 528. A takardar sakamako sukan nuna cewa makin ɗalibi na iya zama sama ko ƙasa da maki 2 daga abin da aka rubuta. In har masu wannan aiki sun bar wa kansu wannan rata, ina ga mok ɗin da malami ya haɗa cikin mako guda?

Abin yi shi ne a tara sakamako biyar a jere, a duba su tare. Wanda ya ci 68, 74, 61, 72 da 70, matsakaicin makinsa 69 ne, kuma nan ne matsayinsa na gaskiya. Idan ya sauko daga 74, ya dawo wurin zamansa ne kawai. Abin da ya cancanci damuwa shi ne maki ya yi ta sauka sau uku ko huɗu a jere, ko kuma darasi ɗaya, misali kimiyyar sinadarai, ya riƙa jan sauran ƙasa kullum.

Sannan kowane ɗalibi ya ware littafi guda na kurakurai. Bayan kowane gwaji ya raba tambayoyin da ya faɗi gida uku: waɗanda bai san su ba sam, waɗanda ya sani amma gaggawa ta sa ya karanta su ba daidai ba, da waɗanda lokaci ya ƙare bai kai gare su ba. Na farko maganinsu komawa littafi da malami, na biyu natsuwa, na uku yawan gwaji da agogo a gaba. Tambayar da aka canka aka dace ita ma a sa ta cikin gida na farko, domin ranar jarrabawa sa'a ba ta da alkawari.

Iyaye, kafin ku ƙara zuba kuɗin lesin ko ku ce yaro ya bar fannin kimiyya, ku nemi malaminsa ku ga sakamakon zangon karatu gaba ɗaya. Zangunanmu na da buƙatar likitocin da za su ji ciwon tsofaffinmu da harshen Hausa, kada mu rasa su saboda makin mako guda. Allah ya ba yaranmu nasara, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.