Jinyar tsofaffi: Abin da ake biyan likita a kai shi yake yi

Tsufa kan zo da cututtuka a jere. Sau da yawa dattijon da ya haura shekara 70 yana fama da hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓoɓi a lokaci guda, wani lokacin har da ƙodar da ta fara gajiya. Kowace cuta da likitanta, kowane likita da takardar maganinsa. Mai duba gaɓoɓi zai iya rubuta maganin raɗaɗi irin su diclofenac, alhali maganin yana iya ƙara hawan jini, ya kuma lahanta ƙoda. Mai duba sukari yana buƙatar sanin halin da ƙodar ke ciki kafin ya bar majiyyaci a kan adadin metformin da ya saba sha. Idan babu mutum guda da ke riƙe da labarin duka, kowa zai yi aikinsa daidai, amma dattijon ya ƙare a sashen gaggawa.

Amurka ta daɗe tana kokawa da wannan matsala a shirinta na Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, domin waɗanda suka kai shekara 65. Kusan kashi biyu cikin uku na masu cin moriyar shirin suna ɗauke da cututtuka biyu ko fiye masu daɗewa a jiki. Sai dai shekara da shekaru shirin yana biyan likita ne a kan kowane aiki da ya yi: ganin majiyyaci, gwaji, tiyata. Likitan iyali da ya ɗauki waya ya tuntuɓi likitan zuciya, ko ya zauna ya tantance magunguna goma da tsohuwa ke sha, ba ya samun wani kuɗi na daban a kan haka. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Asibitin da ke biyan albashi da haya dole ya karkata ga aikin da ke kawo kuɗi.

A watan Janairun 2015 Medicare ta fara gyara wannan. Ta ware kusan dala 42 a wata ga likitan da ofishinsa ya kashe aƙalla minti 20 wajen haɗa kan jinyar majiyyaci ba tare da ya zo asibiti ba. Sharaɗi shi ne mutum yana da cututtuka biyu ko fiye da ake sa ran za su kai aƙalla shekara guda. Dole a rubuta masa tsarin jinya, a ba shi hanyar samun ma'aikacin lafiya dare da rana, kuma likita ɗaya kaɗai ke da damar karɓar kuɗin a wata. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan tsarin, domin ya tilasta a san wanda nauyi ke wuyansa.

Matakin ya dace, amma bai karɓu da sauri ba. A shekarun farko kaɗan ne daga cikin waɗanda suka cancanta suka shiga. Majiyyaci ne ke biyan kashi 20 cikin 100 na kuɗin, wato kusan dala 8 a wata a wancan lokacin, kuma da wuya a gamsar da tsoho mai dogaro da fansho ya biya kuɗin aikin da bai gani da idonsa ba. Ƙananan asibitoci kuma sun ga cewa ƙirga mintoci da cike takardu na cinye ribar. Sai da hukumar ta sassauta sharuɗɗa a 2017, ta kuma ƙara kuɗin daga baya. Kuskuren shi ne an mayar da haɗin kan jinya wani abu guda a jerin kayan da ake saye, alhali shi ne zaren da ya kamata ya ɗinke su duka.

Akwai hanya ta biyu. Dokar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ta ba likitoci da asibitoci damar haɗuwa su ɗauki nauyin wasu adadin majiyyata. Idan suka rage kashe kuɗi ba tare da ingancin jinya ya faɗi ba, sai a raba rarar da su. Daga 2012 kuma aka fara zaftare kuɗin asibitocin da majiyyatansu ke yawan dawowa gado cikin kwana 30 da sallama, zaftarewar da ke iya kai wa kashi 3 cikin 100. Nan ma an ga illa: asibitocin da ke hidima ga talakawa sun fi shan hukunci, domin mai komawa gidan da babu mai kula da shi ya fi saurin dawowa. Sai da aka gyara tsarin, aka koma kwatanta kowane asibiti da takwarorinsa masu irin majiyyatansa.

Masu suka na cewa kuɗi na gurɓata sana'ar likita, kuma suna da hujja. A 2004 Birtaniya ta ɗaure wani babban kaso na kuɗin shigar likitocin iyali da maki da suke samu a kan ma'aunai irin su awon jini da na sukari. Maki ya yi sama, amma ma'aunan cuta ɗaya-ɗaya suke kallo, ba mutumin da ke ɗauke da huɗu ba. Matsa wa dattijo mai rauni magani don sukarinsa ya sauka zuwa adadin da ke kawo maki na iya sa shi jiri ya faɗi ya karye. Scotland ta yi watsi da tsarin a 2016. Sai dai wannan ba hujjar barin tsohon tsari ba ce. Biya a kan yawan aiki shi ma kwaɗaitarwa ce, wadda ke fifita yawan gwaji a kan yawan lafiya.

Najeriya na da abin koyo a nan. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 yana biyan asibitin matakin farko wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, sannan a biya ƙwararru a kan aikin da suka yi. Na farko na iya jawo tsuke hannu, na biyu yawaita aiki, kuma tsakaninsu tsoho ke faɗawa. A gidaje da dama ɗa ko 'ya ce ke yawo da ledar magunguna daga wannan asibiti zuwa wancan, tana ƙoƙarin tuna abin da kowane likita ya faɗa.

Dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Yayin da hukumar inshorar da hukumomin jihohi ke tsara yadda za su biya, ya kamata su ɗora nauyin kowane dattijo a kan likita ko ma'aikaciyar jinya guda da aka sani da suna, su biya wannan aiki ba tare da majiyyaci ya ƙara ko kwabo ba, su kuma auna nasara da yawan kwanakin da tsohon ya yi a gidansa cikin iyalinsa, ba yawan takardun da aka cike ba.