Za a iya koyon halin yaro ta cikin waya? Abin dubawa ga masu horar da malamai a Ghana

Tun da cutar korona ta nuna wa jami'o'i da kwalejojin Ghana cewa ana iya yin darasi ba tare da an haɗu a aji ba, harkar karatu ba ta koma yadda take a da ba. Yau ko rediyo ka kunna ko Facebook ka leƙa, tallar karatu daga nesa ce ke tarbarka: ka biya kuɗi, a ba ka lambar shiga, ka yi digiri kana zaune a ɗakinka. Mu malaman firamare masu difloma mu ne manyan masu saye, domin tun 2018 aka mayar da kwalejojin malamai na gwamnati guda 46 masu ba da digirin shekara huɗu, kuma wanda ya tsaya a difloma yana ji yana gani ƙannensa za su wuce shi. Ni ma na bi sahu. A cikin darussan da aka kwasa aka zuba a intanet, guda ɗaya nake so mu duba yau, wato ilimin halayyar ɗan Adam, wanda muke kira saikoloji a kwaleji, musamman ɓangaren da ya shafi yadda yaro ke girma da yadda yake koyo.

Mai karatu zai tuna cewa ranar 15 ga Maris 2020 Shugaba Akufo-Addo ya ba da umarnin rufe makarantu, washegari kowa ya kama hanyar gida. A lokacin, rukunin farko na masu sabon digirin suna shekara ta biyu. Kwalejoji da jami'o'i biyar da ke kula da su, wato na Cape Coast, Winneba, Legon, Kumasi da Tamale, suka koma WhatsApp da Telegram da Zoom. An yi ƙoƙari, ba a musu. Har an raba wa wasu ɗalibai wayoyi da katin ajiya mai ɗauke da darussa saboda waɗanda ke ƙauyukan da sabis ba ya kaiwa. Amma wancan aikin ceto ne, an yi shi a guje. Yanzu kuma ana neman mayar da shi tsari na dindindin, to dole a tsaya a tambaya: me ya shiga wayar lafiya, me kuma ya ƙi shiga?

Bari in fara da abin da ya shiga. Duk abin da ya shafi karatu da hadda, waya ta fi allon aji. Na ji bayanin matakan girman tunanin yaro na Jean Piaget sau ɗaya a kwaleji, a aji mai cike da mutane, malamin yana sauri don ya gama manhaja. A waya kuwa na saurari irin wannan bayani sau huɗu, ina tsayarwa ina komawa baya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yana manta mafi yawan abin da ya haddace cikin ɗan lokaci, sai idan ya riƙa maimaitawa da tazara. Duk wanda ya yi tilawa a makarantar allo ya san wannan tun kafin ya ji sunan Bature. Gajeren gwaji da ke shigowa waya kowane mako yana yin wannan aikin sosai. Ga kuma matan aure da masu goyo a Zangunanmu, waɗanda barin gida na wata huɗu ba zai yiwu musu ba. Wannan ƙofa ce da ta buɗe musu, kuma ba na goyon bayan a rufe ta.

Matsalar tana ɗaya ɓangaren. A zamaninmu shekara biyu ake yi a kwaleji, ta uku a tura ka wata makaranta ka koyar a ƙarƙashin wani gogaggen malami. Na tafi da sunayen matakan Piaget a kaina kamar karatun Fatiha. Wata rana tsohuwar malamar da aka haɗa ni da ita ta sa na kawo kofi biyu masu girma ɗaya, na cika su da ruwa daidai wa daida a gaban wani yaro ɗan shekara biyar. Ya yarda ruwan ɗaya ne. Ta ce in juye ɗaya cikin wata doguwar kwalba siririya. Nan take yaron ya ce na kwalba ya fi yawa. Na maimaita, na yi bayani, na ɗaga murya, ya kafe. Malamar ta ce, "To ka gani? Da lissafi ne ka ba shi ya kasa, da yanzu ka ce daƙiƙi ne." Wallahi a ranar na fahimci abin da na ci jarrabawa a kansa wata shida da suka wuce. Yaron lafiyarsa lau, tunaninsa ne bai kai matakin ba, kuma galibi sai wajen shekara bakwai yake kaiwa.

Za a ce ai akwai bidiyon wannan gwaji a intanet. Akwai, na kalla. Sai dai a bidiyo ba kai ne ranka ke ɓaci ba, kuma babu wanda ke tsaye a gefenka yana lura da yadda muryarka ta sauya. Lev Vygotsky, masanin Rasha da ya rasu a 1934, ya gina bayaninsa ne a kan cewa mai koyo yana kaiwa inda ba zai kai shi kaɗai ba idan wanda ya fi shi sani yana kusa yana tallafa masa. Abin dariya ne a tura wa ɗalibi wannan darasi a takardar PDF, ya karanta shi kaɗai da tsakar dare, ba wanda zai tambaya.

Mu mutanen Zango abin ya fi shafar mu. Akwai harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu, kuma Hausa ba ta ciki. Yaronmu na Nima ko Aboabo yana shiga aji ɗaya da Hausa a bakinsa da ɗan Larabcin makaranta, sai ya tarar da Turanci da Ga ko Twi. Na taɓa samun wata yarinya da ta yi makonni ba ta ce uffan a aji ba. Har na fara tunanin ko tana da matsalar ji. Rannan lokacin tara na jiyo ta tana raba wa ƙawayenta gyaɗa tana ƙirgawa da Hausa, ba kuskure ko ɗaya. Shirun yaron da ya shiga sabon harshe abu ne sananne a littattafan saikoloji, yana sauraro ne yana tarawa. Amma malamin da bai taɓa zama ya lura da yara ba, littafin ba zai faɗo masa a rai ba a wannan lokacin. Zai rubuta "ba ta da ƙoƙari" a katin sakamako, iyaye su gani su ce boko ba nata ba ne.

Sai batun bulala. Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, ta hana dukan yara a makarantu tun 2017, ta kuma fitar da jagorar ladabtarwa ba tare da duka ba a 2019. An karɓe bulala daga hannun malami, me aka ba shi a madadinta? Saikoloji ne kawai. A 1961 Albert Bandura ya nuna a Jami'ar Stanford ta Amurka cewa yaran da suka ga babba yana jibgar 'yar tsana su ma sukan tashi su jibge ta. Sanin wannan ba wuya. Wuyar ita ce ka tsaya gaban yara hamsin da rana tsaka, biyu suna faɗa a baya, ka kwantar da ajin ba ka taɓa kowa ba. Wannan sai ka ga wani ya yi, kai ma ka gwada ka kasa, a gyara maka.

Ban ma taɓo kuɗin data da ɗauke wuta ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Ghana da maƙwabtanta suka kwana biyu suna fama. Wanda karatunsa duka ke rataye da Zoom, hannu ya naɗe. A ajin da na yi na nesa, kusan kowa kashe kyamara yake yi don data ta kai ƙarshen wata. Malami yana bayanin karanta fuskar ɗalibi, alhali shi kansa baƙaƙen akwatuna yake kallo. Jarrabawa kuma ta zaɓi ɗaya cikin huɗu ce, amsoshi suna yawo a WhatsApp kafin a tashi.

Ga abin da nake gani ya dace. Hukumar GTEC mai amincewa da kwasa-kwasan manyan makarantu da Majalisar Malamai ta Ƙasa mai ba da lasisi su raba darasin gida biyu. Karatu da gwaje-gwaje su tafi waya, a yi su da murya da rubutu marasa cin data, yadda za a sauke a ajiye. Lura da yara kuwa a wajabta shi ido da ido. Sabon tsarin digiri ya riga ya tanadi kai ɗalibai makarantu tun daga shekarar farko, to kada a sassauta wa masu karatu daga nesa. A ba kowane ɗalibi yaro guda ya bi shi zango ɗaya, ya rubuta abin da ya gani, gogaggen malami ya sa hannu, kuma makin wannan aiki ya yi nauyin da ba za a ci darasin ba sai da shi. Makarantun da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci, wanda aka kafa tun 1987, za su iya buɗe ƙofa ga masu wannan horo, ribar ma tasu ce.

Ga ƙannena masu shirin biyan kuɗin karatun nesa, kafin ku biya ku yi tambaya ɗaya: wa zai zo ya gan ni ina koyarwa, kuma sau nawa? Idan aka fara kame-kame, ku sake tunani. Takardar za ta fito ko ta yaya, ƙarin albashi ma zai iya biyo baya, amma yaran da za a damƙa muku amana ce. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.