Turancin titi ma yana da nahawunsa

Duk wanda ya koyi Turanci a aji, ya haddace dokokinsa don jarrabawar WAEC, yakan sha mamaki ranar da ya fara jin masu harshen suna hira a tsakaninsu. Direban tasi a Landan zai ce "I don't know nothing", alhali malamanmu sun hana haɗa korewa biyu a jimla ɗaya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa Turawa sun lalata abinsu. Ni ina ganin hukuncin nan kuskure ne, domin maganar titi tana da ƙa'idojinta, wasu ma sun girmi na littafi.

Mu ɗauki korewa biyun. Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, yakan jera ta a waƙoƙinsa ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Robert Lowth, malamin cocin da daga baya ya zama Bishop na Landan, yana cikin waɗanda suka kafa haramcin, a littafin nahawunsa na 1762, bisa hujjar cewa korewa biyu suna kashe juna. To amma harshe ba lissafi ba ne. Bahaushe yana cewa "bai zo ba", da alamar korewa gaba da baya, kuma babu mai fahimtar cewa mutumin ya zo. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda maganar gida ta fi ta littafi bambancewa. A Turancin baƙaƙen fatar Amurka, wanda masanin harshe William Labov ya nazarta a Harlem cikin shekarun 1960, "he be working" na nufin yakan yi aiki, "he working" kuma yana aiki yanzu. Bambancin "yakan" da "yana" ke nan, wanda kowane yaro Bahaushe ya sani. Haka kuma daidaitaccen Turanci ya tattara kai da ke da ku cikin "you" guda, sai mutanen kudancin Amurka suka samo "y'all", na Libaful "youse", masu Fijin a Najeriya kuma "una".

Wani zai ce duk wannan ba zai ci wa yaro jarrabawa ba, ba zai sama masa aiki ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan magana. Da daidaitaccen Turanci ake rubuta doka da kwangila, da shi Ba'indiye da ɗan Gana suke karanta takardar juna, kuma malamin da ya kasa koyar da shi ya zalunci ɗalibinsa. Sai dai ya kamata a san inda ya samo matsayinsa: karin harshen yankin Landan ne, inda fada take, inda Caxton ya kafa injin ɗab'i a 1476. Kamar yadda Kananci ya zama ginshiƙin Daidaitacciyar Hausa ne, kuma wannan bai mai da Basakkwace mai kuskure ba. A 1996 hukumar makarantun Oakland a Kalifoniya ta so a bi ta harshen da yara suka taso da shi a gida don a kai su ga na makaranta, aka yi mata ca a faɗin Amurka, da yawa suna zaton za a daina koyar da daidaitaccen ne. Ƙungiyar masana ilimin harshe ta Amurka kuwa, a taronta na Janairun 1997, ta goyi bayan dabarar, ta kuma bayyana cewa maganar yaran tana tafiya ne bisa tsari kamar kowane harshe.