Wanda ya mallaki iri, shi ya mallaki rumbu

Tun kaka da kakanni, manomi yakan ware zangarniyar hatsi mafi kyau bayan girbi, ya ajiye ta don shukar baɗi. A ƙasashe da dama na duniya, wannan al'ada tana fuskantar barazana daga manyan kamfanoni masu sayar da irin da aka sauya wa halitta, wanda ake kira OGM.

An fara shuka irin nan da yawa a Amurka a shekara ta 1996. Kamfanin Monsanto ya fito da waken soya wanda maganin ciyawa na Roundup ba ya kashe shi. Kamfanin shi ke sayar da irin, shi ke sayar da maganin. Manomin da ya saya sai ya sa hannu cewa ba zai ajiye abin da ya girbe don shuka ba. A 2013 wannan sharaɗi ya samu ƙarfin doka, inda babbar kotun Amurka ta kayar da wani manomi na jihar Indiyana, Vernon Bowman, saboda ya sake shuka waken ba da izinin kamfanin ba.

Daga baya kamfanonin suka haɗiye juna. A 2017 ChemChina ya sayi Syngenta, Dow da DuPont kuma suka haɗe, daga cikinsu Corteva ya fito a 2019. A 2018 Bayer na Jamus ya sayi Monsanto a kan dalar Amurka miliyar 63. Bayer, Corteva, Syngenta da BASF su huɗu ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. Idan suka ɗaga farashi, manoman ƙasashe da yawa ba su da wata kasuwar da za su nufa.

Abin da ya faru a Burkina Faso ya isa darasi. A 2008 ƙasar ta fara noman kaɗar Monsanto mai kashe tsutsa, har ta mamaye mafi yawan gonakin kaɗa. Feshi ya ragu, amma silin kaɗar ya gajarta, darajarta ta faɗi a kasuwannin waje. Kamfanonin kaɗa na ƙasar suka nemi diyyar miliyar 48 na kuɗin sefa, a 2016 kuma aka koma ga tsohon iri. Zanen aro ba ya rufe katara.

Laifin ba na ilimin ba ne. A 2019 Najeriya ta amince da wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, wanda masana na Zariya suka yi aikinsa, kuma ba a ɗora wa manomi kuɗin mallaka ba. Abin dubawa a kowane sabon iri shi ne: wa ya mallake shi, wa ke yanka farashinsa, kuma manomi yana da ikon ajiye shi ko a'a?

Maganar ta shafi Nijar kai tsaye, tunda iri yana ƙetare iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina ba tare da takarda ba. Ƙungiyar OAPI, wadda Nijar ke cikinta, ta shiga yarjejeniyar UPOV a 2014, wadda ke ƙarfafa ikon masu ƙirƙiro iri.

Saboda haka ya wajaba hukuma ta ba cibiyar INRAN, wadda aka kafa a 1975, kuɗi da ma'aikata don ta ci gaba da kyautata irin hatsi kamar HKP da na wake kamar TN5-78. Malaman gona su taimaka wa ƙauyuka su kafa rumbunan iri, su rubuta sunayen irin gargajiya kafin su ɓace. Duk wani sabon iri a gwada shi shekaru a gonakin gwaji kafin a raba wa talakawa, kuma kar a sa hannu kan wata yarjejeniya da za ta hana manomi shuka abin da ya girbe.