Wayar risho da shari'ar da aka tafka a kanta

Duk mai risho na kuran a gida ya san wayar nan da ke yin jawur kullum, amma ta shekara ba ta tsinke ba. Da baƙin ƙarfe ce zalla da tuni ta ruburbushe, don zafi yana ƙara wa iska saurin cin ƙarfe. Haɗin nikel ne da kuromiyom. In ta ɗau zafi, sai kuromiyom ya haɗu da iska ya yi wata siririyar fata a jikin wayar, ita ke hana iska kaiwa ciki.

Wani Ba'amurke, Albert Marsh, shi ya samu takardar mallakar wannan haɗi a 1906, kamfanin Hoskins ya riƙa ƙera shi. Sai katafaren kamfanin General Electric ya fito da tasa wayar mai suna Calorite, wadda aka ƙara wa baƙin ƙarfe da manganis, ya ce ai tasa daban ce. Aka je kotu. A 1915 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Hoskins gaskiya.

Ni dai ina ganin alƙalan sun yi daidai. Kowane malami ya san ɗalibin da ke kwafe aikin maƙwabcinsa ya sauya kalma biyu. Wanda ya zo da sabon abu shi ne Hans von Kantzow na Suwidin: ya bar nikel, ya haɗa baƙin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, ya kafa kamfanin Kanthal a 1931. Wayarsa ta fi ta Marsh jure zafi.

Wasu za su ce takardar mallaka tsare ilimi ce. Ban yarda ba. Kafin a ba Marsh tasa sai da ya rubuta sirrin kowa ya karanta, bayan shekara 17 kuma wa'adinta ya cika, haɗin ya zama na kowa. Maƙerin da ya ɓoye nasa sirrin fa, in ɗansa ya ƙi sana'ar, da shi ake binne shi.

Nijar tana cikin OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takardar ke aiki shekara 20. Da Faransanci sunanta brevet, kamar takardar gama kwaleji. Malaman kimiyya, ranar darasin tsatsa ku zo aji da tsohon risho, ku gaya wa yara akwai brevet na biyu.