Ba gilashi ne gadon Makka ba

Alhajin da ya sauka daga jirgin ƙasa a tashar Rusaifa, wadda ta fara aiki a 2018, ba abin da zai cika masa ido har ya isa Harami sai siminti da gilashi. Sai ya koma gida da zaton haka Makka take tun fil'azal. Ni da nake zaune a unguwar nan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin na san inda zaton ke kai mutanenmu: a rushe zauren gado a Kano ko Zariya, a kafa bene mai ɗaukar zafi, wai ginin Saudiyya.

Tsohon gidan Makkawa dogo ne siriri, hawa uku zuwa biyar, saboda duwatsu sun matse gari. Ƙasansa dutse, samansa jan bulo don a rage nauyi. A gabansa akwai roshan, tagar katako mai sassaƙa da ke turowa kan titi. Iska na shiga, rana ba ta shiga, uwargida na ganin mai wucewa shi ba ya ganinta, tulun ruwa kuma na can gefe yana sanyi. Abin da ya fi burge ni shi ne saman bene, inda ake kewaye fili da shawabir: bulo ne da aka jera da 'yan tazara, aka shafa masa launi. Nan iyali ke kwana da zafi, cikin sutura, ba injin sanyaya ɗaki. Magini Bahaushe zai gane dabarar nan take, don ita ce ta tsakar gida, an dai ɗaga ta sama.

Yawancin gidajen sun tafi. An rushe ganuwar Ajyad a 2002, Turkiyya ta yi ta ƙorafi, aka gina hasumiyar agogo a wurin. Unguwar Shamiyya ta bi baya a 2008 don faɗaɗa masallaci. Ban ce kada a samar wa miliyoyin baƙin Allah wurin sallah ba. Amma otal ba masallaci ba ne, kuma da yawan abin da aka rusa otal ne ya gaje shi.

Jidda ta fi sa'a. Tsohon garinta, Balad, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2014, kuma gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, na nan da tagoginsa.

Alhaji, Hajiya, kafin ku hau jirgin komawa, ku rage wa kasuwa yini guda ku leƙa Balad. In kun isa gida kuma, ku kai maginin naku Gidan Makama da ke Kano ya duba kaurin bango da tsayin rufi kafin ya ɗora gatari a kan na mahaifinku.