Ku Ajiye Wildcard Ɗin Nan, Damina Ba Ta Zauna Ba

Maƙalar wannan mako a kan ƙwallo take. Waɗanda ba ruwansu da ƙwallo su daure su karanta har ƙarshe, maganar za ta biyo ta ƙofarsu.

Mako biyu kacal aka buga a gasar Firimiya, amma a 'yar gasar Fantasy Premier League da muka buɗe ta 'yan wannan zaure, tuni wasu sun danna Wildcard, katin nan da ke ba mutum damar sauya tawagarsa baki ɗaya. Wasu kuma sun daina leƙawa, wai an riga an yi musu nisa. Mu a ganinmu duka biyun kuskure ne, kuma za mu faɗi dalili ko da ran wasu zai ɓaci.

Ga wanda bai san wasan ba, ana ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi 'yan ƙwallo 15, kada su wuce uku daga ƙungiya ɗaya. Abin da suka yi a filin gaske shi ne makinka. Kana da canji ɗaya kyauta a mako, duk wanda ka ƙara a kan na kyauta a zare maka maki 4. Tafiyar ta mako 38 ce. Wanda ya rushe tawagarsa a mako na biyu ya yanke hukunci ne da wasa biyu, ya manta da 36 da ke gaba.

Masu gaggawa suna da karin maganarsu, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To, mu duba. A 2019 Teemu Pukki na Norwich ya ci ƙwallo 6 a wasanni 5 na farko, har da uku rigis a ragar Newcastle. Jama'a suka yi rububin sayensa. Ya ƙare kakar da ƙwallo 11, Norwich kuma ta faɗi daga gasar tana ta ƙarshe. A 2015 Harry Kane bai ci ko ɗaya ba a Firimiya a watan Agusta, sai ga shi ya ƙare da 25 da takalmin zinare. A 2021 Arsenal ta sha kashi a wasanninta uku na farko ba tare da ta zura ƙwallo ba, ta gama a mataki na biyar. Wace Laraba ce ta nuna waɗannan?

Amurkawa sun riga mu shan wannan ɗacin. A 1980 ɗan jarida Daniel Okrent da abokansa suka kafa irin wannan wasa a kan ƙwallon besbol a New York, inda kowace ƙungiya ke buga wasanni 162 a kaka. Har yau suna tuna Chris Shelton na Detroit, wanda a 2006 ya doki ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 9 a wasanni 13 na farko, amma kafin ƙarshen Yuli an mayar da shi ƙaramar gasa. Manomi ma ya san ruwan farko yana yaudara, shi ya sa ba ya juye dukan irinsa a rami ranar da aka fara yayyafi.

Za a ce mana ai farashi yana tashi, wanda ya yi jinkiri ya rasa. Gaskiya ne yana tashi, amma da fam dubu 100 a lokaci guda, kuma in ka tashi sayarwa rabin ribar kawai za ka samu. Ka ba da maki 4 tabbatattu don wannan? Ba mu ce kada a taɓa tawaga ba. Ɗan wasan da ya ji rauni, ko wanda koci ya zaunar a benci, a sallame shi yau. Wannan hujja ce. Amma wanda ke buga minti 90, yana kai hari, ƙwallon ce kawai ta ƙi shiga, sayar da shi tsoro ne ba dabara ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu duka. Mun lura masu danna Wildcard a mako na biyu, da yawansu su ne masu fara labari a WhatsApp ko Wattpad su watsar a shafi na biyar don sharhi bai yi yawa ba. Su ne kuma masu sauya zubin labari saboda mutum uku sun ce a kashe kishiya, ko a aura wa jaruma wane. Ka yi wata biyu kana tsara taurarinka, ka san dalilin da ya sa uwar miji za ta yi shiru har tsakiyar littafi, sai ka rushe komai don masu karatu sun ƙosa a daren farko. Mai sharhin nan gobe ya koma wani labarin, kai za a bari da littafi mara kai mara gindi, da sunanka a jiki.

Tambayar ɗaya ce a wuraren biyu: dalilin da ya sa ka zaɓi wannan ɗan wasa, ko wannan tauraruwa, yana nan ko ya gushe? In wani ya nuna maka cewa labarinka ya yi tufka da warwara, ko hausarka ta karye, gyara nan take, ka gode masa. In kuwa shirun mutane ne kawai ya dame ka, ci gaba da rubutu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Waɗanda suka riga suka danna, ba mu kore ku ba, ku dawo ku riƙe abin da kuka saya. Waɗanda labarinsu ke kwance a waya tun bara, muna jiran shafi na shida kafin Juma'a. Wanda bai yarda da mu ba, fili nasa ne a ƙasa, amma ya zo da hujjar da ta wuce mako biyu.